Hayaƙin Cikin Talabijin

Litinin

Uwata,

Sallama irin ta addini, da gaisuwar uba ga 'yarsa. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da yaran da mai gidan naki, ko da yake shi bai aiko a gaishe ni ba. Yaya aikin asibiti, yaya tsayuwar da ke kumbura miki ƙafa? Ni dai lafiyata ƙalau. Wannan layin ki karanta shi sau biyu.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne in sanar da ke zan sayar da talabijin. Ke kika saya mana shi da albashinki na fari, shi ya sa ban so ki ji a bakin wani ba. Shekara goma sha huɗu yana kan teburin nan, mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, tana lulluɓe shi da ƙyalle kamar jariri. Amma yanzu ya gaji. Hayaƙi ya shiga cikinsa. Mai karanta labarai sai ya fito kamar yana tsaye bayan gilashin banɗakin da aka yi wanka da ruwan zafi. Farar rigarsa ta koma launin shayin da aka yi wa rowar madara. Na goge gilashin da tsumma, na goge da ruwan sabulu, na danna duk abin da ke jikin rimot, hayaƙin yana nan daram.

Ba zan ɓoye miki ba, wani lokacin ba ya ba ni haushi. Akwai tashar nan da ke nuna ƙarƙashin teku. In na dawo daga la'asar sai in kunna, in rage murya. Kifaye su riƙa wucewa a hankali, kowanne da zoben haske kewaye da shi, kamar masu fitila suna tafiya cikin yayyafi. Sai in ji kamar ɗakin ne ya nutse da ni, kujera da labule da agogon bango, muna ta gangarawa ba mai gaggawa. Har nakan ji motsin mahaifiyarki a kicin. Amma mutum ba zai zauna da kayan da ya lalace don yana sa shi mafarki ba.

Na san abin da ke bakinki. Kin riga kin faɗa wata biyar da suka wuce, a gaban mijinki, ranar da kika zaro 'yar tocila daga jaka kika haska mini ido kamar an kama ɓarawo. Wai yanar ido ce ta rufe shi, sai an yi aiki. Ni da na yi shekara arba'in da ɗaya ina haɗa fenti da idon nan. Ban shiga aji ba, rubutun nan ma a jikin gwangwanaye na koya, amma injiniyoyi masu takardu sun sha tsayawa suna jiran in ce wannan launin ya yi. Mijin naki kuma har da gyaɗa kai, shi da ba ya gane ƙofar gidansa sai da tabarau.

Na ce miki in da tocila za ki zo, ki yi zamanki. Ban ce kada ki zo ba. Ke kika zaɓi rabin maganar da ya yi miki daɗi.

Kuma kin san abokina direba. Da ƙafarsa ya shiga aikin idon nan yana ba'a, ya fito yana dafe da kafaɗar mutane, har ya koma ga Allah bai sake ganin rana ba. Ba wanda zai sa mini wuƙa a ido saboda talabijin ya tsufa.

Wayar da kika aiko tana cikin durowa, lambobinta duk sun goge. Biron nan ma ba shi da kirki, shi ya sa kika ga rubutun manya-manya.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya yi muku albarka.

Babanki

Asabar

Uwata,

Bayan sallama, ina gaishe ki da aiki, ina tambayar lafiyar gida baki ɗaya. An ce ƙaramar ta yi tari, da fatan ya sake ta. Amsarki ta iso, layi huɗu. Mai aski ne ya karanta mini, don kin yi rubutu kamar sawun tururuwa. Na ji kin ce in dakata da sayarwa. Kin makara.

Shi mai askin bakin titi ne ya saya, zai rataya a shagonsa. Ban taɓa ganin ciniki irin na ranar ba, mai saye yana yabon kaya, mai sayarwa yana kushewa. Na kunna masa, na ce ga aibinsa nan, ka gani da idonka, ba na sayar da abu a rufe. Ya matso, ya ja da baya, ya karkata kai, ya ce Baba ni fa ban ga komai ba, tangaran yake. Na ce to kai da kake wuni kana kallon ƙeyar mutane, ina ka san fari? Ya yi dariya, ya sa kuɗi mai kyau. Na ce ban yarda ba, wannan kuɗin lafiyayye ne, nawa kuwa majinyaci ne. Sai da na sa ya rage. Ya tafi yana girgiza kai, wai a rayuwarsa ba a taɓa cin sa da ragi ba.

Da aka ɗauke shi, teburin ya yi faɗi. Ɗakin ya yi shiru irin wanda ban sani ba. Kwana biyu ina zama ina kallon wurin, har nakan miƙa hannu neman rimot.

Jiya na shiga babban shagon da ke kusa da gada, in zaɓi sabo. Uwata, bango guda ne cike da talabijin tun daga ƙasa har rufi, duk suna nuna abu ɗaya: wani farin tsuntsu yana sauka a kan ruwa. Tsuntsu talatin suna sauka lokaci guda, su tashi lokaci guda. Na tsaya har na manta abin da ya kawo ni.

Mai shagon wani dattijo ne mai tumbi da haƙuri. Na faɗa masa irin wanda na sayar, ya ce ai filasma ke nan, an daina yin su, suna shan wuta suna ɗumama ɗaki, amma launinsu akwai taushi. Na ce wannan gaskiya ne, kyanwar maƙwabta ma a bayansa take kwana. Ya nuna mini masu araha, ya ce sunansu elidi: fitila ce a baya, hoto a gaba, shi ya sa baƙinsu ba ya cika baƙi, haske na ɗan leƙowa. Na ce na gane, kamar ka shafa baƙin fenti hannu ɗaya, wato sau ɗaya tak, a kan farin bango ne, dole bangon ya yi magana ta ƙasa. Ya ce wallahi Baba ka fi ni iya bayani. Sannan ya kai ni gaban wani siriri kamar murfin littafi, wai shi oled. Wannan ba fitila a bayansa, kowane ɗigo shi ke kunna kansa, in an zo wurin baƙi sai ya mutu gaba ɗaya. Ya ce ɗigon da ke cikinsa sun haura miliyan takwas, har gashin tsuntsun za ka ƙirga. Na ce wato sun goge shi da samfefa mai laushi, takardar nan tamu ta goge katako.

Na saurare shi har ya gama, don ba a katse mai sana'a. Sannan na gaya masa gaskiya. Na ce daga mai arahar har mai tsadar, duk hayaƙi ɗaya ne a cikinsu, kuma tsuntsun nan ba fari ba ne, ya yi kama da wanda ya kwana a cikin shayi. Tsofaffin kaya aka sake wa kwali aka kawo muku. Ya dube ni, ya ce Baba ko dai hasken shagon ne. Na ce zan dawo da shaidata.

Kin ga dai yadda duniya ta koma. Ba abin da ake yi da kyau yanzu, har fitilun kan titi sai ki ga kowace ta yi rawani.

Ki gaida mai tabarau, in ya tambaya. Allah ya tsare.

Babanki

Laraba

Uwata,

Sallama. Ina gaishe ki, ina gaida yara, ina gaida mijinki. Ki faɗa masa da sunansa na ce a gaishe shi. Da fatan kowa lafiya.

Na koma shagon shekaranjiya. Bari in gaya miki yadda muke yi a sana'armu. In gardama ta tashi a kan launi, ba a rantsuwa, ba a kiran shaida. Sabon gwangwani ake buɗewa, a shafa a jikin katako hannu biyu, a bari ya bushe, a kai shi kusa da abin da ake musu a kai. Katako ba ya son kowa. Da wannan na kayar da masu gida da 'yan kwangila ba adadi.

Na je wurin masu fenti, na sa aka fasa ƙaramin gwangwanin fari a gabana, irin wanda na fi yarda da shi. Ƙamshinsa bai canza ba. Na samo guntun katako, na goge shi, na shafa, na jira, na sake shafawa. Na naɗe shi a jarida na rungumo har shagon.

Na sa mai shagon ya tsayar da tsuntsun a kan mai tsadar nan, fukafukai a buɗe. Na warware katakona na ɗora a gefen gilashin. Na ce to duba.

Ni ma na duba.

Uwata, launinsu ɗaya. Katakon da na shafa da hannuna daga sabon gwangwani, shi ma ya kwana a cikin shayi. Shi ma gefensa ya narke cikin hayaƙi. Na kai shi bakin ƙofa wurin rana, na juya shi, na goge da hannun riga. Na dubi tafin hannuna, na dubi farar motar da ke tsaye a waje.

Mai shagon ya jawo mini kujera, ya kawo ruwa, ya koma yana ta gyara kwalayen da ba su buƙatar gyara. Allah ya saka masa. Na zauna gaban tsuntsayen nan talatin suna sauka suna tashi, ban san tsawon lokacin ba. Sai na riƙa tuna fari iri-iri da na sani: na sabon bango da safe kafin a shigo da kaya, na rigar makarantarki a kan igiya, na haƙoran mahaifiyarki in na ba ta dariya tana ƙoƙarin ɓoyewa. Duk suna nan a cikin kaina, tas, ba hayaƙi. A waje ne kawai babu su.

A hanyar gida na tsaya ƙofar mai aski. Talabijin ɗinmu yana can sama a kusurwa, ana ƙwallo. Wani daga can ƙarshen benci yana karanta ƙananan lambobin da ke saman hoton, wani yana cewa dubi gumi a goshin ɗan wasan nan. Mai aski ya hango ni ya ce Baba shigo ka ga majinyacinka ya warke. Na ɗaga masa hannu na wuce.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Aikina na ƙarshe, shekara biyu ke nan, falon matar nan ne mai kantin magani. Launin ruwan madara ta ce tana so. Ina haɗawa ina ganin ya yi rawaya da yawa, ina ƙara shuɗi, ina ƙarawa, har ya yi mini daidai. Da ta dawo ta ce na mayar mata da falo kamar ɗakin jinya. Na ce mata ba ta da ido, na ce kuɗi ne ya zo mata da rana tsaka bai zo da sanin kyau ba, a gaban ma'aikatanta. Na kwashe buroshina na fita. Tun ranar in na hango ta sai in tsallaka titi, kuma duk wanda ya zauna da ni sai ya ji labarin rashin kunyarta. An ce ba ta sake fentin ba.

Tsoro nake ji, Uwata. Ban iya faɗin wannan da baki ba, shi ya sa na rubuta. Hayaƙin nan ko ba komai ina ganin inuwar mutane a cikinsa, ina gane ƙofa, ina gane rana ta fito. In aka taɓa aka rasa duka fa? Kin ce yanzu aikin ba kamar na da ba ne, minti kaɗan ne, kin ga ɗaruruwa sun tashi suna gani. Na ji. Ke za ki tsaya a kaina, ba wani ba.

Ki nemi ranar da likitan naku yake zama, ki zo ki tafi da ni. Ki taho da tocilar. Amma ki zo da kwana ɗaya a hannu, don akwai inda za ki raka ni tukuna. Za mu je gidan matar nan. Ni zan tsaya a ƙofa, ke ki yi sallama ki shiga ki dubi bangon falon da kyau, ki fito ki gaya mini launinsa, kada ki rage komai don ni ubanki ne. In shuɗi ne, ina so in ba ta haƙuri tun ina iya gane inda fuskarta take.

Allah ya kawo ki lafiya, ya yi miki albarka.

Ni ne,
Babanki