Mai Jita da Gudumar Soso

Zuwa ga jikana kuma abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina sanar da kai cewa na gan ka a talabijin. Ina zaune a shagon wanzami ana yi mini aski, sai ga ka da wata jar riga mai manyan maɓallai, jita a rataye. Na miƙe da rabin aski ina gaya wa kowa jikana ne. Wanzami ya ce in zauna kada ya yanke mini kunne, na ce ya yanka. Da na isa gida kakarka ta ce ƙarya nake, mijinta ba zai fito a talabijin bai gaya mata ba. Kwana biyu ke nan na kasa zama wuri ɗaya, har mai gyaran keke na bi na gaya wa.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Sau uku ka yi kuskure a waƙa ɗaya, kuma duk lokacin mai waƙar yana juyowa ya kwaɗa maka guduma a ka, mutane suna ta dariya. Wanzami ya ce gudumar soso ce. Ko ta auduga ce, a gaban jama'a aka yi. Ka riƙa tashi da wuri kana maimaitawa. Ni ina da shekara hamsin da biyu na shiga ajin yamma na manya, wata huɗu ina juya harafi ɗaya baibai, malamin bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Na rubuta wa shugaban ƙungiyarku na gaya masa haka.

Ka huta lafiya.
Kakanka

*

Kaka,

Ina gaisuwa, a gaida amaryata, a ce mata ta yi haƙuri.

Tsoho, ka kashe ni. Oga ya karanta wasiƙarka a ɗakin gwaji gaban kowa, mai ganga har da kwanciya a ƙasa. Kuskuren nan shi ne aikina. Mu masu waƙar barkwanci ne, kowa da rawarsa: Oga mai fushi, mai ganga mai barci, ni kuma wawan da bai iya ba. Kowane kuskure sai na yi mako biyu ina gwada shi. Dole in makara da rabin bugu daidai, in na wuce haka waƙar ta watse, in na gaza ba wanda zai lura. Ya fi kaɗa daidai wuya, wallahi.

Na yi dariya tare da su, amma da na koma ɗaki ban yi ba. Shekara tara ina cikin rigar nan. A titi ba wanda ya san sunana, Malam Kuskure ake kirana. Watan jiya na je wani situdiyon ɗaukar waƙa da ke neman mai jita, mai wurin yana ganin fuskata ya fashe da dariya, ya ɗauki hoto da ni, ya raka ni ƙofa. Ko akwatin jitar ban buɗe ba. Duk wannan ina shanyewa, don ina cewa a gida an san ni. Kai ka zauna a ƙofar ɗakinka kana jina tun ina shekara goma. In har kai ma ka kalle ni ka yarda ban iya ba, wa ya rage?

Kada ka ƙara rubuta wa Oga, don Allah.
Jikanka

*

Zuwa ga Shugaban Ƙungiya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne tsohon da ya rubuto maka kwanakin baya. Yaron ya hana ni sake rubutowa, amma na ɗauki biro na ajiye ya fi sau goma, na zagaya tsakar gida har kakarsa ta ce zan haƙa mata rami, don haka ga ni.

Na farko, ina ba ka haƙuri. Ban san sana'arku ba, na yi maka faɗa a kan abin da ban gane ba. An ce wasiƙata ta ba ku dariya, ban ji haushi ba, aikinku ke nan.

Na biyu, roƙo ne. Ka ba shi waƙa ɗaya, ko ƙarama ce, ya kaɗa ta daga farko zuwa ƙarshe ba kuskure ba guduma. Ni da na raine shi ido ya ruɗe ni, balle wanda bai taɓa jinsa ba. Laifin da na yi masa ba ni da hanyar gyara shi sai ta hannunka.

Allah Ya ƙara ɗaukaka.
Kakan mai jita

*

Baba,

Na gaishe ka da kyau. Ka iya rubutu, da kana kusa da na ɗauke ka aiki.

Na bi maganarka, ga abin da ya faru. Ranar Asabar zaure ya cika, na tsayar da waƙa a tsakiya, na ajiye gudumar a ƙasa, na ce Malam Kuskure zai kaɗa shi kaɗai. Tun bai taɓa tsirkiya ba suka fara dariya, suna jiran inda zai faɗi. Ya fara. Minti ɗaya, dariyar ta ragu. Minti biyu, wani daga baya ya ce, “Yi kuskuren mana, shi muka zo gani.” Bai ko ɗaga kai ba. Ni shekara tara muna tare, na san ya iya, amma ban san ya kai haka ba. Mai ganga da aikinsa barci ne, idonsa biyu har aka gama.

Da ya tsaya, wasu suka tafa, wasu suna kallon juna kamar an canja musu kaya a kasuwa. Ya cire rigar ya rataye a jikin lasifika, ya fita ta ƙofar baya. Tun ranar bai zo gwaji ba, wayarsa a kashe, ɗakinsa a kulle.

Baba, ba zan ɓoye maka ba. Mutum bakwai ke ci a ƙungiyar nan, kuma dariya muke sayarwa. Muna da wasa ranar Juma'a. In bai zo gwajin Alhamis ba, dole in sa wa wani rigar, kuma in ta shiga jikin wani ba ta dawowa. Ba na son haka, kamar ƙanena yake. In ka san inda yake, ka gaya masa wurinsa na nan, amma da kuskurensa zai dawo.

Naka,
Oga

*

Zuwa ga Shugaban Ƙungiya,

Bayan gaisuwa, ka kwantar da hankalinka, yana wurina. Ran Lahadi da hantsi ya shigo da jitarsa, ya zauna ya ci abinci.

Na karanta masa wasiƙarka sau biyu. Na ce ya yi tunani, aiki ba ya samuwa a titi. Ya ce tunda ni na jawo, ni zan rubuta amsar da hannuna: ya gode, a ba wani rigar.

Uwarsa ta daina yi mini magana, ta ce na raba ɗanta da abincinsa. Ban san inda zai nufa ba, shi ma bai sani ba. Gobe zai koma situdiyon nan, ya ce wannan karon sai ya buɗe akwatin kafin a ga fuskarsa da kyau.

Ka yi haƙuri da karkacewar rubutun. Yana kaɗawa a bayana, takardar kuma a kan gwiwata take, ƙafar ta ƙi tsayawa.

Ka huta lafiya.
Kakan mai jita