Iskar Sama Ta Juya Baya

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna? Ina fatan 'yata ba ta ba ku wahala.

Ni lafiya lau, aiki ne ya ɗan rikice a tasharmu ta awon yanayi, nan ƙasar sanyi. Kin san kullum da safe nakan saki balan-balan mai na'ura, ta auno iskar can ƙololuwar sama. Iskar nan zagaye take yi, ita ke tsare sanyi wuri ɗaya. Ranar Talata na ga ta juya baya. Shugabanmu ya ce, "Na'urarki ce ta lalace." Na saki wata a gabansa, ya duba, ya ga abin da na gani.

Nan da mako biyu sanyin zai sauko, ƙanƙara ta toshe hanya. Jiya mota ta kwashe mutum tara daga cikinmu kafin hanyar ta toshe. Akwai kujerata, ban shiga ba, don garuruwan da ke kewaye da mu awonmu suke jira.

Kada karkacewar rubutuna ta dame ki, yatsu biyu ne sanyi ya taɓa, likita ya naɗe su kafin ya tafi.

Ki ce wa Inna hutuna aka ɗaga. Sauran ki riƙe a cikinki, ki yi min addu'a.

Ƙanwarki.