Riga Mai Lamba Sittin da Takwas

Marlow Bend, Alabama
Satumba, 1994

Ɗana Cleon,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kana kuma cin abincin kirki, ba tarkacen nan da suke ba ku a kwaleji ba. Mu nan sai godiyar Ubangiji. Ƙafar nan tawa dai tana nan da halinta.

Ga rigar wasan yayanka Lemuel nan cikin kwali, ƙarƙashin soyayyiyar gyaɗar. Ita za ka sa ranar wasan tsofaffin ɗalibai. Na riga na miƙe a coci ranar Lahadi na shaida wa kowa cewa lamba sittin da takwas za ta sake shiga fili, kuma a jikin ɗan gidan Tarver. Rabaran Mosley ya ba da motar coci. Har Sista Vernice, wadda ko ƙofar gida ba ta leƙawa, ta ce a ajiye mata kujera.

Shekara uku yaron nan yana ture ƙattai saboda makarantar nan. Mota ta kashe shi a hanyar komawa wurinsu, abin da na gani daga gare su kwandon fure ne da kati, shi ke nan. To, ni ban manta ba, kuma ba zan bari su manta ba.

Ubangiji ya tsare.
Mamanka

Kwalejin Tillery
Satumba, 1994

Mama,

Barka da gida, ya ƙafa? Gyaɗa ta iso, 'yan ɗakinmu sun yi mata rubdugu kafin in ɗanɗana. Rigar kuwa na buɗe na zauna da ita a cinya, na kasa komai.

Mama, don Allah ki karanta wannan a tsanake. A ƙwallonmu na Amurka, wanda ake jefawa da hannu, lamba ba ado ba ce, ita ke faɗin aikin mutum. Daga hamsin zuwa saba'in da tara na ƙattan gaba ne, masu tare abokan hamayya, irin Lem. Duk wanda ya sa irin wannan lamba, doka ta hana a jefa masa ƙwallo. Ni kuwa aikina ke nan, in ruga in cafe, shi ya sa nake sa tamanin da ɗaya. In na shiga da rigar Lem na cafe ƙwallo, alƙalin wasa zai jefa ƙyallensa ya soke. In an ce in tsaya a gurbin Lem kuma, ke kin san jikina, cinyarsa ɗaya ta fi ƙuguna. Za su tattake ni.

Wannan ce shekarata ta ƙarshe, kuma a wannan wasan ne masu neman 'yan wasa daga manyan ƙungiyoyi suke zuwa kallo. Akwai yara a bayana da ke jiran in yi tuntuɓe kawai.

Koci ya ce dukkanmu za mu manna baƙar takarda mai harufan sunansa a bayan hular kwano. Ba yawa, na sani. Amma da ita zan iya yin wasa, in na ci kuma, nasa ne.

Ki gaishe da Sista Vernice.
Ɗanki, Cleon

Ofishin Wasanni, Kwalejin Tillery
Oktoba, 1994

Zuwa ga Uwargida Ozella Tarver,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na sami wasiƙarki, na kuma fahimci zafin da ke cikinta. Lemuel yaron kirki ne, har yau kabad ɗinsa na nan ba mu ba kowa ba.

Sai dai dokar lamba ba tawa ba ce, ta hukumar wasannin kwalejoji ce, haka ma girman alamar tunawa da mamaci. An ƙayyade shi, ba ni da ikon ƙarawa. Ba zan hana Cleon sa rigar ba idan ya zaɓa. Amma ba zan sa shi a fili da ita ba, kuma gurbin da mutum ya bari da kansa, ban yi alkawarin ajiye masa ba.

Za a yi shiru na ɗan lokaci don tunawa da shi kafin a fara wasa. Muna fatan ganinki.

Naki cikin girmamawa,
Koci Harlan Brubeck

Marlow Bend
Oktoba, 1994

Cleon,

Ina gaisuwa. Kocinka ya aiko mini da amsa, har da samfurin abin da za ku manna. Na ɗora a tafin hannuna na yi dariya don takaici. Murfin kwalba ya fi shi. Yaron da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin, wai wannan ne rabonsa, kuma a ƙeya, inda ba mai gani sai wanda ke bin ka a baya.

Shi koci ban ga laifinsa sosai ba, ba shi ya haifa ba. Kai ne ka ba ni mamaki. Ka cika mini takarda da lissafin lambobi kamar ina tambayarka kuɗin wuta. Wa ya kai ka makarantar nan? Lokacin da suka ce ka cika rama, wa ya bi kocin nan har wurin ajiye motoci yana roƙo a gwada ka? Da Lem ya tsaya duba doka a ranar, da yanzu kana injin katako tare da kawunka Purvis.

Wuni ɗaya na roƙa, Cleon. Ban taɓa roƙonka komai ba. In ka fi son ka cafe ƙwallo, cafe. Zan miƙe a coci in ce na yi ƙarya, ɗa ɗaya nake da shi a makarantar, kuma an binne shi.

Mamanka

Kwalejin Tillery
Oktoba, 1994

Mama,

Ina kwana, da fatan kun isa gida lafiya. Na fito nemanki bayan wasa, aka ce motar coci ta tashi.

Na sa rigar, kin gani. Sai da na naɗe gefenta na cusa a wando don kada ta kai mini gwiwa. Da na shiga ɗakin sauya kaya kowa ya juyo yana kallona. Wani daga cikin ƙattan da suka yi wasa da Lem ya rungume ni yana kuka. Koci ya dube ni ya ce, “Ka tabbata, Tarver?” Na ce na tabbata. Ya ce, “To, samu wuri ka tsaya.” Bai sake kallona ba.

Na tsaya a gefen fili tun daga farko har ƙarshe. Yaron da aka sa a gurbina ya cafe biyu, ya ci da ɗaya. Ni na koya masa wannan juyin da ya yi, wallahi har tafa masa na yi. Mutanen manyan ƙungiyoyin nan shi suka tsaya yi wa magana. Jiya aka kafe sunayen masu fara wasan mako mai zuwa, nawa ba ya ciki, kuma na san ba zai dawo ba.

Ba ƙorafi nake ba. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba, amma na yi, kuma ina kewarsa kamar yadda kike yi. Abu ɗaya nake so in ji daga bakinki. Da kika hango ni cikin rigar, ya kika ji?

Ɗanki, Cleon

Marlow Bend
Nuwamba, 1994

Cleon,

Mun iso lafiya, sai gajiya. Ka ce in faɗa maka, to, zan faɗa.

Na hango ka. Rigar ta yi maka yawa, ta zube a kafaɗunka kamar an rataye ta a ƙusa. Lem bai taɓa tsayawa a gefe da hannu a rungume ba. Da na san tsayuwa kawai za ka yi da ita, da ban kwaso mutane ba. Ka naɗe ta da kyau ka aiko mini.

Wannan yaron da ya cafe ƙwallon kuwa, shi aka yi ta yabo a mota har muka iso. Ɗan wa ne? In ka ga uwarsa ka gaishe ta, ta yi sa'ar ɗa.

Ubangiji ya tsare.
Mamanka