Mangwaron Mama Rifkatu a Gwangwani

Lahadi da dare, Bolori

Yau ko tuwo na kasa ci. Ni ce na tsaya gaban ikilisiya farkon damina, na ce zafin garin nan ya ishe mu, kowane gida ya karɓi itace ya dasa. Har tafi aka yi mini. Bayan sujada na zaga dubawa, ina ta jin kaina, sai na shiga wurin Mama Rifkatu.

Mangwaronta yana nan cikin gwangwanin madara a bakin ƙofa. Na ce, "Mama, ba ki dasa ba?"

Ta ce, "'Yata, mai gidan ya hana. Wai ɗan haya in ya dasa itace, gobe sai ya ce filin nasa ne. Ban ga laifinsa ba, mu ma haka muke a ƙauye."

Kunya ta rufe ni. Rabin mutanenmu haya suke tun da suka gudo, na sani sarai, amma ko sau ɗaya ban tuna ba a taron kwamiti. Na ce ta kawo mu dasa a harabar coci, ta girgiza kai. Wai tana ajiye shi ne sai sun koma gida, akwai wuri kusa da kabarin mijinta. Ruwan wankin shinkafa take ba shi.

Shekara da shekaru ba wanda ya kwana a ƙauyen nan. Na sunkuya in ɗaga gwangwanin, ya ƙi tasowa. Saiwar ta bi ta hujin gindinsa, ta riga ta kama ƙasar mai gida.

Ban gaya mata ba.