Furannin Bakin Tagar Baba

Muchia, Sabon Gari, Zariya
9 ga Maris, 2004

Zuwa ga 'yata Christabel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin naki, yaya nauyi? Ina mijinki Felix? Ina fata kuna lafiya a Kafanchan.

An sallamo babanki daga asibitin Shika ranar Juma'a. Ba zan ɓoye miki ba, ɓarin jikinsa na dama bai dawo ba, maganar ma haka. Mun mai da gadonsa falo, jikin taga, don ya riƙa ganin masu wucewa. Kada ki taso. Tunda likita ya hana ki hawa mota da cikin nan, ki bi maganarsa.

Kin tuna dogon kaskon simintin da ya gina a bakin tagar? Duk abin da ke ciki ya bushe muna asibiti. Kullum sai ya dube shi, ya dube ni. Jiya na hau bas zuwa Samaru, wurin Ɗanmalam mai sai da dashe a bakin titi. Har na ɗauki wasu furanni dogaye masu jan kai, sai na tuna babanki a kwance yake, in sun girma za su tare masa hanya. Na ce a ba ni gajeru masu jure rana, domin wurin ba ya samun inuwa sai la'asar. Ya ba ni wani mai yaɗo a ƙasa, ganyensa sirara masu ruwa, wai ba ya buɗewa sai rana ta ɗaga. Ya ce in haɗa ƙasar da yashi, kada kuma in cika masa ruwa.

Na zo da kala uku, na riƙa nuna wa babanki. Da na ɗaga farin, sai ya kau da kai. Ruwan ɗorawa da ja ya zaɓa.

Ki gaida Felix. Mamanki,
Elizabeth

18 ga Afrilu, 2004

'Yata,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta daina kumburi.

An yi ruwan fari, furannin sun cika kaskon har suna leƙowa ta baki. Ranar Laraba babanki ya yi magana. Kalma ɗaya ce: ruwa. Na kawo masa kofi da sauri, ya ture. Ashe furannin yake nufi. Na ce masa Ɗanmalam ya hana, ya yi dariya da rabin baki. Na shiga kicin na yi kukana.

Sai dai ba ya cin abinci. Maƙwabciyarmu Rahamatu na dama masa kunun gyaɗa, da ƙyar yake kurɓa. Ki sa shi a addu'a.

Mamanki,
Elizabeth

27 ga Mayu, 2004

Christabel 'yata,

Barka da sauka lafiya. Yaya jego, yaya ɗan baƙon namu? Allah ya raya shi.

Kin ce in faɗa miki yadda babanki ya tafi, tunda a waya na kasa. Da hantsi ne. Ina waje ina cire ciyawa daga kaskon, ina yi masa hira ta taga, ina ba shi labarin wanda ya wuce da wanda ya gaishe shi. Na daɗe ina magana. Rahamatu ce ta shiga da kunu, ta fito ta kama hannuna. Bai wahala ba. Kada ki zargi kanki don ba kya nan, ni da ke nan ma ban sani ba.

Felix ya ce kuna so ku sa wa yaron Martin, sunan babanki, kuna jiran izinina. Ku sa. Amma ki yi mini haƙuri, tun da na auri babanki ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, kuma ba yanzu zan iya ba. Ni Maigida zan riƙa ce masa.

Ina nan tafe bayan sati biyu, in Allah ya yarda.

Mamanki mai ƙaunarki,
Elizabeth