Jan Ƙyalle a Mararrabar Kwari

Zuwa ga 'yar'uwata Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon bayan nan naki? Idan har yanzu kina duƙufa kan takardun ɗalibai, ki daina ɗora wa katifa laifi. Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Kin tambaye ni haukan keken da na shiga. Ba hauka ba ne, Malama, ƙungiya ce ta mutanen kirki, har Manajan ofishinmu yana ciki. Duk Asabar da sassafe muke fita bayan gari, mu bar kwalta mu hau burji, mu zagaye dam, mu gangara kwarin kogi ta tsakiyar gonakin rani, mu hauro ta tsohuwar gada. Tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin taya, ruwa yana hannun hagu, sai mutum ya manta akwai Litinin a duniya.

Hanyoyin kwarin suna da yawa, kuma duk kamarsu ɗaya. Shi ya sa Jagoranmu yake wucewa gaba yana ɗaura jan ƙyalle a kowace mararraba. Na ƙarshe kuma, wanda muke kira mai shara, shi ke bi yana kwancewa. Mai shara ba ya wuce kowa, kuma ba ya taɓa ƙyalle sai ya tsaya ya ɗaga murya, ko akwai wanda ya ratse gefe yana hutawa. A watan nan ni aka ba wa sharar. Ki taya ni murna, autanku ya samu sarauta.

Ƙyallayen nan su suka jawo mini. Shagon ɗinkin Yayanmu na je roƙon ragowar yadi, shi kuwa kin san shi, ba ya ba da abu a yage. Sai da ya yanka su daidai, ya kalmashe bakin kowanne. Yana ɗinki yana tambaya, ni kuma ina ba shi labari da ƙarin gishiri. Kawai sai ya ce zai bi mu. Wai likita ya ce hawan jinin nan da sukari ba za su sarara masa ba muddin yana wuni a kujerar ɗinki. Ya sa an ciro tsohon kekensa daga bayan kicin, mai kariyar ɗaukar kaya da ƙararrawa, wanda ya riƙa kai ni makaranta a kansa bayan rasuwar Baba. Matarsa kuwa ta samu abin tsokana. "Mijina ƙarami," in ji ta, "ga amanar babban nan, ka dawo mini da shi a kan ƙafafunsa."

Na yi dariya kawai. 'Yan ƙungiyar nan kekunansu sai ka ɗaga da yatsa biyu, kayansu a matse, ba tumbi ko ɗaya. Yaya kuwa, ba sai na ƙarasa ba. Na gwada ce masa hanyar da wuya, ya ce in dai tare da ni ne ai ba wuya.

Ki gaishe mini da kowa.

Naki,
Auta

Malama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Na san matar Yaya ta kira ki, don haka bari in fara da abin da zai kwantar miki da hankali. An sallame shi daga asibiti, yana gida, yana cin abinci, har ya fara faɗa don an hana shi zuwa shago. Abin da ba ta gaya miki ba, don ita ma ba ta sani ba, shi ne ni na ɓatar da shi.

Ranar Asabar ya zo da hular kwano ta babur, ya maƙale ƙafar wandonsa da fil don kada sarƙa ta kama. A gefen dam, inda hanya take shimfiɗe, bai yi laifi ba. Yana tafe yana kaɗa wa manoma ƙararrawa yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kamar ya zo neman ƙuri'a. Da muka gangara kwari aka shiga yashi, sai ya fara haki, kowa ya wuce shi, ya rage daga shi sai ni.

A nan muka tarar da Manaja a gefen hanya, tayarsa ta fashe. Na sauka da rawar jiki zan yi masa faci. Yaya ya ce bari ya ci gaba a hankali, ma same shi. Da na gama, muka hau tare da Manaja, yana ba ni labaran ofis irin waɗanda bai taɓa ba ni ba, ni kuma baki har kunne. Muka iso mararrabar da ke ƙarƙashin manyan itatuwa, inda hanya ɗaya take haurawa gada, ɗaya take bin kogi ta yi ƙasa. Na miƙa hannu na zare ƙyallen. Ban kira ba, ban ko waiwaya ba, don kada in katse wa Manaja zance. Na ce a raina Yaya yana gaba. Haka na bi na share sauran duka.

Sai da muka isa inda muke ajiye motoci, ana shan ruwa, Jagora ya ce, "Ina dattijon nan mai ƙararrawa?" Malama, ga aljihuna cike da ƙyallayen.

Waya ba ta kamawa a kwarin. Muka rarrabu, wasu a mota wasu a keke, muna ƙwala kira cikin gonaki. Sai bayan la'asar muka same shi can ƙasa, a bukkar wani mai injin ban ruwa. Ashe ya ratse ya huta, da ya fito bai ga ƙyalle ba, ya bi hanyar kogi yana tura keke a cikin rana, ruwansa ya ƙare, sukarinsa ya faɗi. A kwance mutumin ya tsince shi a bakin rafi. Da ya ɗan farfaɗo, abu na farko da ya gaya wa Jagora shi ne laifinsa ne, shi ya bar hanya bai sanar da kowa ba.

Jagora bai yi mini faɗa ba. Ya dai miƙo hannu, na zuba masa ƙyallayen. Da ma ya mare ni.

Ki yi masa addu'a. Ni ma ki yi mini.

Auta

Malama,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonki, na gode. Yaya jikin ƙaramar taku? Kin ce in daina cin kaina, kowa yana kuskure. Ki dakata da tausayin nan har ki gama karantawa, don akwai abin da na tsallake.

Da safen Asabar ɗin, kafin a tashi, Manaja ya dubi Yaya da hularsa da kekensa, ya yi murmushi ya tambaye ni wane ne wannan. Na ce wani maƙwabcinmu ne, tela. Haka kawai ya fito daga bakina. Yaya yana duƙe yana gyara fil ɗin wandonsa, na ɗauka bai ji ba.

Jiya da yamma Jagora da Manaja suka ce in raka su gidan maƙwabcin nawa su duba shi. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗi gaskiya, har muka isa ban faɗa ba. Na riga na kira Yaya na ce muna tafe. Muka shiga falo, sai na ga an sauke hoton nan namu na bango, wanda muke tsaye mu uku a bayan Inna. Ƙusar ce kaɗai ta rage.

Matarsa ta kawo shayi. Matar da tun ina ɗan makaranta ba ta taɓa ganina ba ta tsokane ni ba, ta ajiye mini kofi da hannu biyu ta ce, "Sannu da zuwa, malam, ya iyali?" Idonta ya yi ja, amma ba ta dube ni ba. Yaya kuwa ya zauna yana yaba ni a gaban Manaja, wai duk unguwar nan ba a yi maƙwabci mai kirki irina ba, a riƙe ni da kyau a wurin aiki. Manaja yana gyaɗa kai. Ni ina riƙe da kofin har shayin ya huce.

Na raka su mota na dawo. Na durƙusa a gabansa zan yi magana, ya ce in tashi, gwiwar wandona za ta lalace. Ya ce keken ya isa haka, zai riƙa zagaya unguwa da ƙafa. Na ce Yaya, wallahi ban gan ka ba a mararrabar nan.

Ya ce, "Ni na gan ka. Ina zaune a gindin itace, jiri ya kama ni, ga ka nan kana zare ƙyallen. Na buɗe baki zan ce Auta, sai na ga mai gidanka yana kusa da kai. Na tsaya tunanin da wane suna maƙwabci zai kira ka. Kafin in samo, kun sha kwana."

Bai faɗa da fushi ba, Malama. Ya ɗauki maganinsa ya sha, ya tambaye ni ko na ci abinci.

Kada ki kira shi a kan wannan, don Allah. Ban san ta inda zan fara ba, amma ba ke za ki fara mini ba.

Ki gaishe da maigidan da yara.

Ƙanenki,
Auta