Ƙafata Ta Fara Iyawa, Ciniki Ya Fara Gudu

Aikin farko na yau: goge kujerar Maharazu, sa wa keke mai.

Na biyu shi ne rubuto maka, Malam Maccido. Salamu alaikum. Ka taimake ni don Allah, domin na shiga halin da ban taɓa jin wani tela ya shiga ba: kullum ƙara iya sana'ata nake yi, kuma abin nan ne zai rufe mini rumfa.

Ni mutumin Illela ne, shekaruna arba'in ko kusa da haka. Na yi makarantar Sakkwato, wadda yanzu ake ce wa Midil, na kuma taɓa aikin malanta a En'e. Ba korata aka yi ba. Sai dai duk takardar da aka ba ni in rubuta, in na kai tsakiya sai in ga kamar farkon bai yi ba, in sake. Akwai wata ta barka da haihuwa da aka sa ni, na gama ta bayan an yaye yaron. Da na bar aikin sai na sayi keken ɗinki na ƙafa, na koyi surfani, na kafa rumfa a ƙofar gidanmu, kan hanyar kasuwa.

Tun da fari hannuna ya iya, ƙafata ba ta iya ba. In na sa hankali ga allura ƙafa ta tsaya, in na mai da shi ga feda hannu ya tsaya. Saboda haka muka raba aikin da tobashina Maharazu. Yakan zauna ta bayan keken a wata 'yar kujera, ya miƙo ƙafafu ya yi ta taka feda, ni kuma ina juya yadi. Shekara da shekaru haka muke, muna fuskantar juna kamar masu cin tuwo a akushi ɗaya. Asaken da muke fitarwa, wato dogayen tsinayen nan na ƙirjin babbar riga, miƙaƙƙu ne kamar an ja su da igiya.

Bara bayan girbi, wani sojan da ya dawo daga Bama ya ara wa Maharazu basukur. Ya hau, ya taka, sai ga shi a garin Araba. Ya dawo yana haki, ya tsaya a bakin rumfa bai ko sauka ba, ya ce mini ashe in an taka abu yana kai mutum wani wuri. Wai takun da ya yi mini, da a hanya ya yi shi da yanzu ya je Makka ya dawo, ga shi ko bakin rumfa bai wuce ba. Na ce ai yana cikin inuwa. Ya ce ya bar mini inuwar, in haɗa da tawa. Yanzu shi ke kai saƙon fatake tsakanin Illela da Ƙwanni. In ya zo wucewa sai ya kaɗa ƙararrawa ya ce, “Malam mai hannu, ƙafa na gaishe ka.”

Dole na zauna ni kaɗai. Rigar farko da na taɓa ta Attahiru ce, wani bafatake mai kai goro tsallaken iyaka, ƙasar Faransa. Aska takwas ya ce a yi masa. Na taka, keken ya zabura, na firgita na tsaya, na sake takawa ya koma da baya. Da na gama, duk asaken sun sunkuyar da kai gefe guda kamar talakawa sun hango hakimi. Na zauna shirya kalmomin ban haƙuri, na rubuta, na sake. Ina cikin sakewa Attahiru ya aiko aka karɓi rigar ba na nan, ya sa ta ya tafi cin kasuwar Ƙwanni.

Can aka kewaye shi. Mutanen Ƙwanni suka ce sabon yayi ne na ƙasar Ingilishi, daga Ikko ya zo. Da ya dawo, mutanen Illela suka ce a'a, kowa ya gani ya san hannun Faransa ne. Attahiru bai ƙaryata kowa ba. Aka raɗa wa ɗinkin suna aska mai ladabi. Kafin in buɗe baki in ce kuskure ne, yadi ya cika rumfa har ba ni da wurin salla.

Hankalina bai kwanta ba, sai na je wurin Malam Dabo, limamin unguwarmu, na tambaye shi ko wannan algus ne. Ya sa aka kawo rigar, ya duba ta ciki da bai, ya ce aibin da mai saye ya gani da idonsa, ya kuma zo dominsa, ba a kiransa aibi a littafi. Ina shirin tashi ya ce in dakata, ya shiga gida ya fito da yadi. Shi nasa asaken yana so su fi na Attahiru sunkuyawa, tun da shi malami ne.

To ga inda masifar take. Ni mutum ne mai yin abu kullum a kan lokacinsa, ashe kuwa ƙafa in ana sa ta abu kullum sai ta koya. Tun da damina nake lura. A littafin da nake rubuta al'amuran yini akwai inda na sa: “Yau wasu asake sun miƙe. Allah ya sa gajiya ce.” Ba gajiya ba ce. Makon jiya wani mutumin Gidan Katta ya dawo mini da riga, ya shimfiɗa ta a gabana ya ce, “Mi niy yi maka, tela? Ta kowa na gaisuwa, tawa ta tsaya ƙiƙam awa dogari.” Kuma wallahi, Malam, tun da nake ban taɓa ɗinki mai kyan wannan ba.

Ba abin da ban gwada ba. Na taka da hagu kaɗai, ta koya. Na aro takalmin sojan nan, ta koya da shi. Na sa dutse ƙarƙashin keken. Na sha fura na zauna da nauyin ciki. Na roƙi matata Ruƙayyatu ta riƙa sakin tasa a bayan danga ba zato don in firgita. Yanzu tasoshin duk sun lotse, ƙafar ko gezau. Na kuma zana asaken a sunkuye da tawada na bi zanen, sai aka ce wannan ladabin fadawa ne, santsinsa ya yi yawa, bai kai zuci ba.

Yanzu an aiko mini daga Gwadabawa ana neman malamin kasuwa, ana son amsa kafin Babbar Salla. Ruƙayyatu ta ce in karɓa. Wai malami ta aura aka mayar mata da shi tela ba ta ce komai ba, amma ba za ta zauna tana jin namiji yana roƙon Allah ya mantar da ƙafarsa ba. Ni kuwa ina son keken nan. Ina son ƙararsa da safe. Na yi wa Maharazu maganar dawowa, ya yi dariya har ya kusa faɗowa daga basukur, kuma ko ya dawo, miƙaƙƙe ƙafarsa ke bayarwa, wanda ba mai so. In na ci gaba ni kaɗai, kafin Salla na zama gwani, in rasa kowa. In na rufe, me zan ce wa masu yadin nan? In ci gaba ko in rufe? Ko akwai wata hanyar mantuwa da ban sani ba?

Abin da ya rage na gobe:
goge kujerar Maharazu
rigar Malam Dabo, ban taɓa ta ba
kai tasoshi wurin maƙeri
amsar Gwadabawa
sake wannan takarda, in hali bai yi ba a aika da ita haka

Naka,
Tela Mai Hannu, Illela

AMSA

Wa alaikumus salam, Tela Mai Hannu. Na gode wa Allah da hali bai yi ba, takardarka ta iso.

Bari in fara da gaskiyar Ruƙayyatu, domin tana da ita. Aikin En'e albashi ne, in wata ya mutu a ba ka, ba ruwansa da yayi. Aska mai ladabi kuwa za ta yi kwanakinta ta wuce, mai iyali ba ya raina wannan magana. Amma ka tuna kai ne ka gama barka bayan yaye. Malamin kasuwa ana so ya rubuta jaki tun jakin bai wuce ba. In ka je Gwadabawa, ina tsoron kafin baɗi ka sake rubuto mini.

Maganar mantuwa kuma ka bar ta. Ka daina azabtar da ƙafar da Allah ya buɗe wa basira. Ka mayar wa soja takalminsa, ka cire dutsen. Ran da yayin nan ya wuce mutane za su dawo neman miƙaƙƙiyar aska, a ranar ƙafar nan da kake jin haushinta ita za ta ciyar da gidanka, ba sai ka jira wani ya sauko daga basukur ba.

Saura yau. Abin da na gani a takardarka shi ne ladabin nan ba ƙafarka yake bukata ba, ƙafar da ba ta iya ba yake bukata. Naka biyu sun riga sun lalace da iyawa. Amma daga garin Lafani har Ƙwanni, duk wanda ya kawo maka yadi da nasa biyu ya zo, sababbi ful, ba su taɓa ganin feda ba. Ga kuma kujera kana goge ta kowace safiya ba mai zama.

Saboda haka daga gobe, mai riga shi ke taka rigarsa. Ka zaunar da shi inda Maharazu ke zama, ka riƙe yadi, ka ce masa bismilla. Zai zabura, zai firgita, zai koma da baya, asake za su sunkuya. Ba kuma zai koya ba, don ba kullum mutum ke ɗinka babbar riga ba. Kafin ya dawo wata Sallar ƙafarsa ta manta. Wanda ya ga ladabin rigarsa bai isa ba, ya san ƙafar da zai tuhuma.

Za ka ce manya ba za su yarda su zauna a 'yar kujera ba. Ka fara da Attahiru. Mutumin da ya bar garuruwa biyu suna gardama a kan ƙirjinsa ba zai ƙi a taru a kalle shi yana taka keke ba. In ya zauna, sauran har rige-rige za su yi. Malam Dabo kuwa ka durƙusa ka gaya masa zurfin sunkuyon yana ƙafarsa, ya yi yadda ya ga ya dace da malami.

Abu ɗaya nake so ka gyara. Ka faɗa wa mutane da bakinka cewa ɗinkin nan ba daga Ikko ya zo ba, ba daga Faransa ba, a ƙofar gidanka aka haife shi ran da tobashinka ya gudu. Fatawar Malam ta wanke ɗinkin, ba ta wanke shirunka ba. Da wuya su yarda, amma kai ka fita hakkinsu.

Mutanen Gwadabawa ka ba su haƙuri a layi biyu, ka tsai da Maharazu ka miƙa masa tun tawada ba ta bushe ba, kada ka sami damar sakewa. Ruƙayyatu kuma ba gyaran tasoshi take binka ba, sababbi take binka.

Ka ci gaba da rumfarka. Allah ya sa mata albarka, ya kai mu Salla lafiya, ya ƙara wa ƙafarka ilmi. In hanya ta biyo da ni Illela, ka goge kujerar da kyau: ina da farin yadi a akwati, kuma tun da aka haife ni ban taɓa taka feda ba.

Malam Maccido